Zaman Makoki a Ushafa, Kabari a Bradford

Bayan isha'i labarin ya same mu a Kano. Ɗan Goggona, wanda muka tashi gida ɗaya da shi a Fagge kafin aikin gwamnati ya kai mahaifinsa Abuja, ya yanke jiki ya faɗi a wurin aikinsa a birnin Bradford na Ingila, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Bai kai shekara arba'in ba. Yana cikin ɗimbin 'yan Najeriya da suka tafi can aikin kula da tsofaffi tun da aka buɗe wannan ƙofa a 2022. Ya bar mata da yara biyu. Da aka soma maganar kiran Goggo a waya, Inna ta ce ita dai ƙafafunta ba za su kai ta ba, amma zumunta a ƙafa take, ba a yi wa uwa gaisuwar ɗa ta waya. Ni aka tura.

Daga Kano zuwa Kaduna ba abin da zan faɗa wanda matafiyi bai sani ba: Kwanar Dangora, Zariya, Jaji, Kawo. A Rigasa na hau jirgin ƙasa. Ana ta hira a taragonmu har muka shiga dajin da ke tsakanin Rijana da Katari, sai na ji muryoyi sun ragu, wata dattijuwa kusa da ni ta ciro carbi. A wannan yanki ne 'yan bindiga suka tare jirgi ranar 28 ga Maris 2022, suka kashe wasu, suka shige daji da mutane da dama, ba a sako na ƙarshensu ba sai a watan Oktoba. Na tuna iyalan waɗannan bayin Allah, da suka yi wata shida ba su san ko zaman makoki za su yi ko zaman jira ba. Ashe wani abu mai kama da haka nake shirin tararwa.

Na sauka a Kubwa, na bi ta Dutsen Alhaji da cunkoson kasuwarta, na kama hanyar Bwari. Can gaba kaɗan ake ratsewa a shiga Ushafa, gari ne a gindin duwatsu, asalinsa na Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muka saba kira Gwarawa. Yau kowace ƙabila akwai ta a ciki, domin tsadar haya a Garki da Wuse ta koro ƙananan ma'aikata zuwa irin waɗannan garuruwa. Haka mijin Goggo ya sayi fili nan ya gina ɗakuna kafin ya yi ritaya, kafin kuma Allah Ya karɓi ransa.

Tun daga bakin layi na hango rumfa da tabarmi da butoci. Na durƙusa na gai da Kawu, ƙanen mahaifin mamacin, na ce, "Kawu, ya haƙuri?" Ya ce, "Haƙuri sai godiya. Ka sha hanya." Aka yi addu'a, aka shafa. Komai na gidan mutuwa yana nan, sai abu ɗaya: ba makarar da ta fita daga gidan, kuma ba wadda za ta fita. Har zuwa ranar ma ba a binne shi ba. A Ingila, idan mutum ya mutu farat ɗaya ba tare da ciwon da likita ya sani ba, sai jami'in binciken musabbabin mutuwa ya gama aikinsa kafin a ba da gawa. Mu kuwa da muka saba wanda ya rasu da asuba kafin azahar an dawo daga maƙabarta, jin cewa ɗanmu ya haura mako a ɗakin sanyi wani ciwo ne daban a kan ciwon rashin.

Saboda haka zaman bai da kai. Dattawa suka yi ta jan magana a kan tabarma: daga ranar rasuwa za a ƙirga sadakar uku ko daga ranar binnewa? Wani ɗan Izala ya ce ukun ma ba ta da asali, wani tsoho ɗan Tijjaniyya ya kau da kai. Aka koma kan sallar gawar da ba ta nan. Limamin unguwa ya ce Manzon Allah (SAW) ya yi wa Najjashi sarkin Habasha, amma malaman Malikiyya ba su tafi a kan yin ta ba, balle ga wanda za a sallata a inda yake. Wani ya kawo maganar a ɗauko gawar a jirgi, aka ambaci miliyoyin da za ta ci, Kawu ya ce ƙasa duk ta Allah ce. Ban ga laifin kowa a wannan muhawara ba. Maza ne da suka saba idan an yi mutuwa hannunsu na da aiki: wani ya tafi sayen likkafani, wani haƙar kabari, wani neman itace ko tukwanen rufi. Aikin nan shi ke ɗaukar rabin nauyin da ke ƙirji. An raba su da shi, sai bakinsu ya kama aiki.

A cikin gida Goggo na zaune a kan darduma, ta jingina da bango. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, ka zo?" Ba ta ƙara ba. Duk sanda hawaye ya zubo mata sai wata daga cikin matan ta ce, "Haba Hajiya, ke da za ki ba wasu haƙuri? Addu'a yake bukata." Gaskiya ne addu'a yake bukata. Amma ina ganin mun mai da kalmar haƙuri murfin rufe bakin mai baƙin ciki. Abin da addini ya hana shi ne kururuwa da yage tufa da maganganun saɓo. Annabi da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Uwar da ba za ta ga fuskar ɗanta ba, ba za ta yi masa addu'a a kan makara kafin a fita da shi ba, a bar ta ta yi kukanta.

Ranar da aka ba da gawar, ƙanwar mamacin ta jingina waya a jikin kwanon sha, muka kewaye ta. Ta WhatsApp muka halarci jana'iza. A maƙabartar Scholemoor aka kai shi, a ɓangaren Musulmi, ana yayyafi. Na ƙirga fuskokin da na gane ko na ji Hausa a bakinsu, ba su cika sahu ɗaya ba. Sauran sahun duk mutanen Pakistan ne, tsofaffi masu jan gemu na lalle, da samari cikin rigunan sanyi, mutanen masallacin da yake salla. Su suka yi zirga-zirgar takardu, su suka wanke shi, su suka haɗa kuɗin da ya rage, su suka sa kafaɗa.

Da aka gama Goggo ta ce a ba ta wanda ya yi wankan. Aka miƙa wa wani dattijo waya, matar mamacin tana fassara. Tambayoyinta a jere suke, ka san ta kwana da su. An yi masa alwala? An fara da dama? Ƙyalle nawa aka sa? An fuskantar da shi alƙibla? Wa ya shiga ramin? Da ta ji a cikin akwati aka sa shi sai fuskarta ta canza, domin a wurinmu akwati na wasu ne. Dattijon ya yi mata bayani a hankali cewa an karkatar da shi ta gefen dama yadda ya kamata, kuma shi da hannunsa ya yi. Ya ce ta ɗauka ɗanta ya sami uba a ranar. A nan ne Goggo ta fashe da kukan da ake ta danne mata, kuma wannan karon ba wadda ta ce ta yi shiru.

Waɗannan mutane ba da rana tsaka suka iya wannan hidima ba. Yawancin 'yan Pakistan na Bradford asalinsu daga yankin Mirpur ne na Kashmir. A shekarun 1960 aka gina madatsar ruwa ta Mangla, ruwa ya cinye tsohon garin Mirpur da ƙauyuka masu yawa, har da maƙabartunsu, da yawa daga waɗanda aka tasa suka nufi masaƙun Ingila. Tun zuwansu suka kafa asusun mutuwa: kowane gida na zuba wani abu duk shekara, ranar da aka yi rashi asusun ya ɗauki nauyin jana'iza, ko a can ko a mai da gawa gida. Suna da Majalisar Masallatai ta Bradford tun 1981, tana da sashen da ke kula da binne mamata. Su ma suna taruwa ranar uku da ranar arba'in, su ma suna jayayya a kai. Maƙwabta kuma su ke dafa wa gidan mutuwa abinci, kamar yadda Annabi ya umarta a yi wa iyalan Ja'afar.

Annobar korona ta gwada su ƙwarai. Rahoton hukumar lafiyar Ingila na watan Yunin 2020 ya nuna baƙaƙen fata da 'yan asalin kudancin Asiya sun fi Turawa haɗarin mutuwa da cutar, 'yan asalin Bangladesh ma kusan ninki biyu. Cikin likitocin farko da ta kashe a ƙasar akwai namu, Dakta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi, wanda ya rasu a ƙarshen Maris na shekarar. A wannan watan ne 'yar majalisa Naz Shah, mai wakiltar Bradford ta Yamma, ta tsaya kai da fata a kan dokar ta-ɓaci, don kada a ƙona gawar Musulmi ko Bayahude ba da yardar iyalinsa ba. An binne mutane da yawa ba 'yan uwa a kusa, ba zaman gaisuwa. Al'ummar da ta sha wannan ta san darajar hannun da zai wanke baƙo.

Washegarin jana'izar da safe na fita na ɗan taka. Ushafa ta yi suna da tukwane. Akwai cibiyar ginin tukwane da aka kafa a zamanin shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara, ita ce Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta da 'yarsa a watan Agustan 2000, har yau wasu na kiran garin da sunansa. Na tsaya na kalli mata suna murza yumɓu, sana'ar da ta kai Ladi Kwali kan takardar naira ashirin. Daga kan tudu kuma ana hango ruwan madatsar Usuma, wadda Abuja ke sha daga gare ta.

Da na dawo na tarar da wata maƙwabciyar Goggo, Bagwariya Kirista, ta sauke itace daga kafaɗarta, ta kawo doya, ta zauna kusa da ita. An ce tun ranar farko kullum sai ta zo. Aure ne ya kawo ta Ushafa. Iyayenta na cikin waɗanda aka tasa daga Maitama aka mai da su Kubwa lokacin da ake gina babban birni, bayan dokar 1976 da ta yanke wannan ƙasa ta ba tarayya. Ta ce wa Goggo da Hausarta mai daɗi, "Mama, ni kabarin kakana yana nan kusa, amma ban san gidan wane mai kuɗi ne a kansa ba. Ke naki yana da lamba, jikokinki za su je." Ban ji wata gaisuwa da ta shiga Goggo kamar wannan ba a duk zaman. Ta sa aka rubuta mata lambar kabarin a takarda, ta ƙulle a bakin zanenta.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce matar mamacin. A nan Ushafa mutane sun yi yawa har ana rasa wurin zama, tuwo da waina na shigowa daga gidajen da ba a ma san su ba. Ita kuwa tana can a ɗaki biyu da yara ƙanana. Matan masallaci sun yi mata kwanaki suna kawo abinci, Allah Ya saka musu, amma kowa da aikinsa. Takaba wata huɗu da kwana goma ce. A gida da an zo da wata tsohuwa ta zauna da ita, ta raka ta, ta kwana ɗakinta, ta karɓi masu gaisuwa. A can haya ba ta jira, kuma a lokacin dokar ƙasar mako biyu ta tanadar wa iyayen da ɗansu ƙarami ya rasu, ba ta yanka wa matar da ta rasa miji wani hutu mai albashi ba, sai abin da mai aiki ya ga dama. Ga takardar zamanta a maƙale da ta mijin. Malamin da ta tambaya ya ce ta fita aiki saboda larura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Haka take yi, da hijabinta da idanu a kumbure, tana ɗaga tsofaffin wasu tana kwantarwa.

Mu da ke gida muna da hakki a wuyanmu a nan. Shekara da shekaru kuɗin wannan yaro ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa da maganin hawan jinin Goggo, shi ya yi rufin ɗakin da muke zaune a ciki. Idan ya faɗi, bai kamata rabon iyalinsa daga gare mu ya tsaya a saƙon "Allah Ya ji ƙansa" a zauren WhatsApp na dangi ba. Na faɗi haka a gaban Kawu da daddare, bayan baƙi sun watse, ya yi shiru ya ce, "To, me kake gani?"

Muka zauna da takarda. Aka raba ranakun mako tsakanin mata bakwai na dangi, kowace da ranar da za ta kira matar mamacin bayan ta taso daga aiki, har ta fita takaba. Aka ce ba a so a kira a ce mata ta yi haƙuri a kashe, a tambaye ta abin da ta ci, a bar ta ta yi maganar mijinta in tana so. Kawu ya ɗauki nauyin bin diddigin bashi, nan da can, domin an gano akwai adashen da mamacin ya ɗauka bai gama zubi ba. Aka soma haɗa kuɗin nema wa mahaifiyar matar biza, ko Allah zai sa a ba ta. Ni kuma aka ɗora mini rubuta wasiƙar godiya zuwa ga masallacin da sunan Goggo, da neman abokan mamacin Hausawa da ke Bradford da Leeds da Manchester, a ji ko za su shiga asusun mutanen Mirpur ko su kafa nasu.

Da hantsi na yi sallama. Goggo ta ce in gaya wa Inna ta ga aike, Allah Ya bar zumunci. Kawu ya rako ni bakin titi, ya tsayar da mai babur, ya ce masa ya kai ni Dutse in sami motar Kubwa, kada jirgin rana ya wuce ni.