Yini Ɗaya a Filin Golf Mai Haɗiye Ƙwallo

Waɗanda suka san ni sun san tun ina yaro nake ɗaukar wa Turawa jakar sandunan golf a wani fili da ke bayan garin Yamai, a nan kuma na koyi wasan da ido. Filin namu babu ciyawa. Rairayi ne da tsakuwa, kewayen rami kuwa yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai aka daɓe. Kowa yana yawo da ɗan guntun tabarmar roba da yake ɗora ƙwallo a kai kafin ya buga. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da aka kai gaban ruwa.

A hutun damina na 2022 wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Faransa ya gayyace ni. Wata safiya ya ce mani, "Mushe, yau zan rama jarrabawar da ka riƙa yi mana." Ya ɗauke ni a mota zuwa Guyancourt, wajen kilomita 30 kudu maso yamma da Paris, ba nisa da fadar Versailles. Can ne filin Le Golf National yake, mallakar hukumar golf ta Faransa. An buɗe shi a 1990. Da can gonaki ne shimfiɗe kamar faranti, sai aka haƙa tabkuna, aka yi ta kwaso ƙasa daga wuraren gine-ginen Paris ana tara tuddai. Babban filin wurin sunansa Albatros, mai ramuka 18, Hubert Chesneau da Robert von Hagge ne suka zana shi. A nan Turai ta doke Amurka da maki 17½ da 10½ a gasar kofin Ryder ta 2018, a nan kuma aka yi golf na wasannin Olamfik na 2024.

Na shiga da ƙwallo 12 a jaka, tsofaffi, waɗanda na daɗe ina tarawa. Yaron ya biya kuɗin shiga, ya kuma hana ni ganin takardar.

Ga wanda bai san dokar ba: in ƙwallonka ya faɗa ruwa, ana ƙara maka bugu ɗaya a matsayin tara, ka fito da wani ka ci gaba. Wasa ne da mai ƙarancin bugu ke ci. To, a gida in ka yi kuskure, ƙwallo yana can ƙarƙashin wata ƙaya yana jiranka. Ruwa kuwa ba ya mayarwa. Ga tara, ga asarar ƙwallon da mai albashin malanta ba ya sayen irinsa kullum.

Tun rami na 1 tabki yana hagu, ya bi fili har gaban rami. Rami na 2 gajere ne, amma dole ƙwallo ya tsallake ruwa a sama. Nan na gane inda aka kama ni. Rairayinmu ya koya mani buga ƙwallo ƙasa-ƙasa, ya sauka da wuri ya yi ta gangarawa. Na fi shekara 20 ina ƙirga gangarawar nan cikin ƙarfin hannuna. Ashe nisan da ƙwallona ke yi a sama bai kai abin da nake zato ba. Ƙwallo biyu suka tafi a rami na 2 kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, da sanda ɗaya, don na ƙi yarda a canza mani. Yaron ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba. Na ga kafaɗunsa suna rawa.

Ramukan tsakiya ba ni da dogon labari a kansu. Itatuwa kaɗan ne, iska tana kaɗawa yadda ta ga dama, ƙananan jirage daga filin jirgin Toussus-le-Noble suna ta wucewa bisa kanmu. In ka guje wa ruwa ka yi gefe, ciyawar tuddai mai kauri ta riƙe sanda.

Ramuka huɗu na ƙarshe su ne filin. Na 15, ruwa yana dama, ramin kuma yana bisa tsibiri. Na 16 gajere ne, ruwa a gaba da dama. A nan ne Phil Mickelson, wanda duniya ta san gwanintarsa, ya jefa ƙwallo a ruwa a 2018, ya miƙa wa Francesco Molinari hannu, kofi ya tabbata na Turai. Da nawa ya bi sawun nasa, ban ji kunya sosai ba. Na 17 babu ruwa, hawa ne mai tsawo. Na 18 ruwa yana hagu tun daga farko, ya sake dawo da kai tsibirin nan na rami na 15.

A na 18 ɗin yaron ya ce, "Mushe, kada ka nemi tsallakewa daga nan. Ka matsa bakin ruwa tukuna." Wannan karon na ji magana. Na yi gajeren bugu, na sake wani, sannan na ɗaga ƙwallo ya sauka bisa tsibiri a bushe. Wani dattijon Bafaranshe da ke tsaye a kan tudu ya tafa mani.

Ra'ayina a matsayin wanda ya daɗe yana shirya jarrabawa shi ne, filin nan mai tsanani ne amma ba maha'inci ba. Ruwan a bayyane yake, kana ganinsa tun kafin ka ɗaga sanda, kuma a yawancin ramuka an bar hanyar lallaɓawa ga wanda ya yarda ya ƙara bugu ɗaya. Sai dai jarrabawa ce ta manyan aji. Mai koyo in ya shiga, zai wuni yana laluben jaka, ya kuma tsare na bayansa. Gara ya fara da Aigle, ɗaya filin wurin mai sauƙi, ko Oiselet. Mutumin rairayi irina kuwa, ya auna nisan da kowace sanda ke kai ƙwallonsa a sama kafin ya je, kada ya sa gangarawa cikin lissafi.

Na gama da bugu 112, ƙwallo 3 suka rage cikin 12. Da muka shiga mota yaron ya karɓi katin makina, ya zaro jan biro daga aljihu, ya rubuta a ƙasa: "Yana iya yin abin da ya fi haka."