Wuni Guda a Kufan Alƙalawa

Mutanenmu na da wata ɗabi'a mai ban mamaki. Mutum ya kan tara kuɗi ya tafi Kano ya ga Dala, ko ya tafi Ikko ya ga teku, ya komo yana ba da labari har bakinsa ya bushe. Amma tambaye shi inda fadar Bawa Jan Gwarzo ta ke, sai ya yi shiru, alhali kuwa ƙila gonar kakansa ba ta da nisa da wurin. Ni Bagobiri ne, abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Kufan Alƙalawa yana gefen Gulbin Rima, mil kaɗan daga Sabon Birni. Mai niyyar zuwa ya fi kyau ya bari sai an kau da amfanin gona, ruwa ya janye daga fadama, sa'an nan ya yi sammako. Da damina dawa da gero su kan rufe kome. Kada kuwa ya tafi shi kaɗai, ya nemi dattijo daga ƙauyukan kusa ya yi masa ja-gora. Ni da wani tsoho na tafi, kuma ba don shi ba da sai in wuce ta kan ganuwa ina tsammanin tudu ne kawai.

To, kada wani ya sa rai zai ga soraye. Abin da ya rage shi ne ragowar ganuwa, da tsingaro barjat a cikin kunyoyi, da makabartar sarakuna. Sauran duk gona ne. Wanda bai san labari ba, cikin rabin sa'a zai ce a koma gida. Wanda ya sani kuwa, wuni ba ya isarsa.

Asalin Gobirawa daga ƙasar Asbin su ka gangaro, su ka zauna Birnin Lalle, wanda ke cikin ƙasar Nijar yanzu. A tsakiyar ƙarni na 18 su ka roƙi Sarkin Zamfara wurin zama, aka ba su gonakin Alƙalin Zamfara, shi ya sa a ke ce wa wurin Alƙalawa. Sarkin Gobir Babari ya gina birni a nan. Da baƙo ya yi ƙarfi sai ya juya wa mai masauki, Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a cikin shekarun 1760. Mu Gobirawa mu kan yi saurin wuce wannan wuri in muna ba da labari, amma Zamfarawa ba su manta ba.

A zamanin Bawa Jan Gwarzo birnin ya kai matuƙar ƙarfinsa. A zamaninsa kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, ya fara shahara da wa'azi, har Bawa ya girmama shi, ya yarda masa ya kira mutane zuwa ga addini. Bayan Bawa aka yi Yakuba, sa'an nan Nafata, wanda ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi. Sa'ad da na tsaya a tsakiyar filin nan, abin da ya fi tsaya mini a zuci ke nan: a ce a wannan wuri da ba ka jin kome sai kukan kurciya, nan sanƙira ya ɗaga murya da maganar da ta tayar da ƙasar Hausa duka.

Ɗansa Yunfa ya gaje shi. A 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a shekarar nan aka gwabza a Tafkin Kwatto, Yunfa ya sha kashi. Amma Alƙalawa ba ta faɗi da sauƙi ba. A ƙarshen 1804 Gobirawa da Azbinawa su ka auka wa jama'ar Shehu a Tsuntsuwa, dab da birnin, aka kashe musu mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Sai a watan Oktoba na 1808 Muhammadu Bello ya shiga birnin, aka kashe Yunfa. Ku lissafa da kanku, tun da yanzu kun iya: daga ginin Babari zuwa faɗuwar Yunfa bai fi shekara 50 da 'yan kai ba, watau yaron da ya ga ana haƙa ganuwa yana iya ganin ranar da aka fasa ta.

Daga kufan, in rana ta yi sanyi, sai a koma Sabon Birni, garin da Ɗan Halima ya kafa bayan ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri. Tsibirin kuwa, kusa da Maraɗi, nan Gobirawa su ka sake kafa sarauta bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Mai kwana biyu a hannu ya kan gangara Isa, inda shi ma hakimin garin Sarkin Gobir a ke ce masa, ya zarce kasuwar Shinkafi ran Alhamis.

Ku da ku ka sami takardar shaidar yaƙi da jahilci, ga aikin da ya dace da ku. Kowace shekara garma tana ƙara cin ganuwar, tsofaffin da su ka san inda kowace ƙofa ta ke kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon da ya raka ni ya nuna mini wurare da dama da sandarsa, yana faɗin sunayensu, jikansa da ke biye da mu bai san ko ɗaya ba. Littafin rubutu da fensir sun isa: a zauna gaban dattijo, a gaishe shi da goro, a ce, "Baba, ina aka ce kasuwa ta ke?" a rubuta yadda ya faɗa, da sunan wanda ya gaya masa.

Sai dai ba zan ɓoye muku halin hanya ba. 'Yan bindiga sun addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, ƙauyuka da yawa sun watse, mutanensu wasu sun ƙetare zuwa Nijar. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu. Saboda haka mai son ziyara ya fara tambayar mutanen gari da direbobin tasha. In sun ce masa a dakata, ya dakata. Dattawan da rikicin ya koro kuwa, da yawansu suna nan zaune a Sabon Birni da Sakkwato, ana iya samunsu a zaurukan 'yan'uwansu bayan sallar la'asar.