Wasiƙa zuwa ga ƙanena a Runka

Ƙanena,

  

Ka tambaye ni abin da ɗan Safana, wanda bai taɓa ganin teku ba, yake nema wajen ƙwarin ruwa. To, ɗebi ruwan tafki a kwalba da kaka, ka ɗaga ta saitin rana. Za ka ga wasu fararen ɗige-ɗige suna zillo, ba su kai ƙwayar gero ba. Kofifod ke nan. Na tafkunanmu dangin Cyclops ne: ido ɗaya tak a goshi, macen kuma tana jan jakunkuna biyu na ƙwai. Su ke haɗiye 'ya'yan kurkunu, mutum ya sha, shekara ta zagayo ƙafa ta yi bororo ana tsakiyar noma.

'Yan uwansu ne suka cika teku. Tun tafiyar jirgin Challenger na Ingila, 1872 zuwa 1876, ake jefa koma cikin zurfi ana tantance su, kuma an siffanta fiye da iri 10,000. Kowane zurfi da mazaunansa, wasu ma haske suke fitarwa a inda rana ba ta kaiwa. Wanda ya fi burge ni shi ne Calanus finmarchicus na arewacin tekun Atlantika. Yakan tara mai a jikinsa, sanyi na shigowa ya nitse mita 1,000 ko fiye, ya kwanta watanni bai ci komai ba. Da shi kifayen yankin suke rayuwa.

Kada ka raina aikin tantancewa. A farkon shekarun 1950 wani masani, Sanya Onabamiro, ya bi tafkunan kudu maso yammacin Nijeriya, ya gano irin Cyclops ɗin da ke ɗaukar kurkunu. A 1988 an ƙidaya masu cutar fiye da 650,000 a ƙasar nan. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita a 2013. Ba allura aka yi ba, sanin maɓoyarta ne da ƙyallen tace ruwa.

Har yanzu tana nan a Chadi. Don Allah duk wanda zai sha ruwan tafki a gona, ka sa ya tace. Ka gaishe mini da Inna.

Naka,
Yaya