Manomin Niyafunke Da Jitarsa

A ƙasar Hausa tun zamanin kakanni, in baƙo ya shigo gari da sana'a a hannunsa, ba ya shimfiɗa kayansa a kasuwa sai ya nemi manyan wannan sana'a ya gaishe su. Maƙeri ya kan nemi Sarkin Maƙera, mahauci ya nemi Sarkin Fawa, makaɗi kuwa ya nemi Sarkin Makaɗa. In ya isa zaure ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sai a tambaye shi sunansa, da garinsu, da wanda ya koya masa. Bayan wannan sai a ce ya taɓa a ji. Amsar da ya bayar a wannan zama na fari ita za ta yi ta binsa muddin yana garin. Wanda ya faɗi gaskiya ya huta. Wanda kuwa ya ari sunan wani gari ko na wani ubangida don a girmama shi, to, ya ɗaura wa kansa kaya, gama zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai wani makaɗi na ƙasar Mali, ana ce da shi Ali Farka Ture, wanda Allah ya nufe shi da shiga irin wannan zaure har sau uku a rayuwarsa, kowanne ya fi na bayansa nisa da gida. Abin da ya riƙe a hannu kuwa jita ce.

Ita jita abin kiɗa ce ta Turawa, kuma a ƙasar Sifen aka daidaita siffarta irin wadda aka sani yau. 'Yar'uwar molo ce da garaya da gurmi, sai dai ta fi su yawan tsirkiya. Molo na da uku, garaya da gurmi biyu biyu, ita kuwa shida gare ta. Ba a rufe ta da fata. Akwati ne na katako marar kauri, cikinsa fanko, da rami a tsakiyar fuskarsa, da dogon wuya wanda aka gindaya wa 'yan ƙarafa. Makaɗi ya kan danne tsirkiya a tsakanin ƙarafan nan da yatsun hannu ɗaya, ya kaɗa da na ɗayan, sai katakon ya amsa, sauti ya fito. A kan wuyan akwai marfi shida da a ke murɗawa a ɗame tsirkiya ko a sassauta ta. Akwai wata iri da a ke haɗawa da lantarki don ƙarfin amo, amma ta katakon nan ba ta bukatar kome sai hannun mai ita. Da ita Ali ya fara, da ita kuma duniya ta fara jinsa.

An haife shi a shekarar 1939 a wani ƙauye, Kanau, a bakin Kwara, cikin jihar Tambutu. Kogin nan shi ne wanda ya gangaro ta Yamai da Yawuri. 'Ya'ya maza tara uwarsa ta haifa kafin shi, duk suka rasu tun suna jarirai, shi ne na goma, shi kaɗai ya rayu. Sunansa na yanka Ali Ibrahim. Iyayensa suka yi masa laƙabi da Farka, watau jaki da harshen Sangai, wanda ya ke ɗan'uwan Zabarmanci ne, saboda juriyarsa da taurin kansa. Ubansa ya rasu yana ƙarami, iyalin suka koma Niyafunke, wani gari a bakin kogin, kudu maso yamma da Tambutu. Nan ya tashi. Bai shiga makarantar boko ba. Ya yi noma, ya koyi ɗinki, daga baya ya yi tuƙin mota da na jirgin ruwa.

Zaure na fari da ya shiga na garinsu ne, shi ne kuma mafi wuyar shiga. A ƙasashen nan, kamar yadda ya ke a ƙasar Hausa, kiɗa sana'ar gado ce. Akwai gidajen maroƙa da makaɗa waɗanda ɗa ke karɓa daga uba, su ne ke riƙe da tarihin sarakuna da kirarinsu. Gidan su Ali kuwa gidan masu asali ne, ba su gaji kiɗa ba, ba su kuma so ɗansu ya taɓa shi ba. Yaron bai ji ba. Yana da shekara goma sha biyu ya haɗa wa kansa wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, kamar kuntigin Ɗanmaraya Jos, mutanen can na kiransa jurkel. Daga nan ya koyi njarka, wadda ta ke daidai da kukuma. A 1956 ya ga wani gwanin ƙasar Gini, Keita Fodeba, yana kaɗa jita a bainar jama'a, sai abin ya shiga ransa. Ba shi da kuɗin saye, ba shi da malami. Sai ya riƙa aron ta mutane, yana ɗauko muryoyin da ya iya a tsirkiya ɗaya yana shimfiɗa su a kan shida.

To, da wane suna zai tsaya gaban makaɗan gado? Da ya so, da ya raɓu da wani gidan maroƙa ya ce shi barensu ne, ya koyi kirarin attajirai, ya ci abinci da shi. Bai yi haka ba. Ya tsaya a kan cewa shi ba maroƙi ba ne, ba kuwa don raina su ba, sai don ba abin da ya gada ke nan ba. Waƙoƙinsa suka zama na aiki, da noma, da kogi, da zaman lafiya tsakanin kabilu, da gargaɗi. Yana yin su da Sangai, da Fulatanci, da Buzanci, da Bambaranci, gama duk ya zauna da masu harsunan nan. Da Mali ta sami mulkin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta sa kowace gunduma ta kafa ƙungiyar wasanni ta gargajiya, a riƙa gasa tsakaninsu. Ali ya shiga ta Niyafunke, har ya zama ɗaya daga cikin shugabanninta. A 1968 aka tura shi tare da waɗansu makaɗa su wakilci ƙasarsu a wani taron wasanni a Sofiya, babban birnin Bulgeriya. A can ya sayi jitarsa ta fari. Shekara goma sha biyu ke nan yana kaɗa ta aro. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Zaure na biyu ba shi da ƙofa, ba a kuma ganin fuskar masu shi. A 1970 Ali ya koma Bamako, ya kama aiki a gidan rediyon Mali, yana kula da na'urar ɗaukar murya. Can ya sami damar ɗaukar kiɗansa, shi da jitarsa, wani lokaci da mai buga ƙwarya a gefe. Wajen tsakiyar shekarun 1970 ya tattara abin da ya ɗauka ya aika wa wani kamfanin faifai a Paris. Wannan irin sallama ce ta zamani, mutum ya aika da muryarsa gari ta riga shi isa. Ba wanda zai ga rigarsa ko ya tambayi danginsa, ba kuma aminin da zai yi masa shaida. Abin da tsirkiya ta faɗa shi ke nan. Kamfanin ya karɓa, faifansa na fari ya fito a 1976, waɗansu suka biyo baya. A 1980 ya ajiye aikin rediyo ya koma Niyafunke, ya kama gonarsa.

Faifan nan suka yi ta yawo hannu zuwa hannu ba da saninsa ba, har ɗaya ya faɗa hannun wani mai shirin kiɗa a gidan rediyon BBC a Ingila, ya sa wa jama'a. Masu saurare suka yi ta tambaya, wane ne wannan? Wata mace daga wani ƙaramin kamfanin faifai na London, World Circuit, ta tashi takanas ta zo Bamako nemansa, ba ta san inda ya ke ba. Aka yi cigiya a gidan rediyon Mali. Allah da ikonsa, a kwanakin nan Ali ya shigo birnin, ya ji, ya zo. A 1987 ya sauka London, yana gab da cika shekara hamsin. Zaure na uku ke nan.

A nan ne aka miƙa masa zanen aro, mai kyau kuwa. A Amurka akwai wani kiɗa da a ke kira buluz, na baƙar fata jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Ya tsiro a gonakin auduga na kudancin ƙasar, kuma da jita aka fi yinsa. Cikin manyan gwanayensa akwai John Lee Hooker, mutumin jihar Misisipi. Da Turawa suka ji Ali, sai suka ji kamar Hooker, gama dukansu su kan kama murya ɗaya su yi ta juya ta, babban yatsa na riƙe da tushe, sauran na yawo a sama. Sai jaridu suka laƙaba masa suna, wai John Lee Hooker na Afirka. Su a wurinsu yabo ne. Sunan kuma yana sayar da faifai, yana cika ɗakin kallo. Baƙon da bai iya Turanci ba, wanda ya zo daga garin da ba wanda ya taɓa jin sunansa, da ya yi shiru ya karɓa ba wanda zai zarge shi.

Ali bai karɓa ba. Bai yi musun cewa ya san Hooker ba. Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 ya ji faifansa a Bamako, ya kuma yaba masa ƙwarai, har ya ce da ya ji shi ya zaci kiɗan arewacin Mali ne. Amma duk inda 'yan jarida suka tare shi, sai ya maimaita musu cewa abin da ya ke kaɗawa ba daga Amurka ya koyo ba, daga jurkel da njarka ne, kuma kowace murya tana da sunanta da kabilarta da ma'anarta a gida. Ya kan kwatanta al'amarin da itace, saiwa da gindi suna Afirka, rassa da ganye su ne suka haye teku. Masana na iya yin gardama a kan ko wane rabo ne na buluz ya fito daga bakin Kwara, gama bayin nan daga ƙasashe dabam dabam aka kwaso su, kiɗan kuma ya ɗauki sabon jiki a Amurka. Amma batun inda Ali ya samo nasa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka kuma da ya lura Turawa na ɗaukar Tambutu a kan ƙarshen duniya, sai ya gaya musu shi ɗan can ne, kuma a wurinsa nan ne tsakiyarta. In an tambaye shi sana'arsa, noma ya ke fara faɗi.

Tsayawar nan ba ta rufe masa ƙofa ba. Wani gwanin jita na Amurka, Ry Cooder, ya zauna da shi zaman tsara da tsara, suka yi faifai mai suna Talking Timbuktu, ya fito a 1994, ya ci lambar Grammy, wadda ta ke cikin manyan lambobin girma na makaɗa a Amurka. Wani da ya sami haka da ya nemi gida a Paris ko London. Shi kuwa sai ya rage tafiye-tafiye, ya zuba abin da ya samu a gonakin shinkafa da injunan ban ruwa a Niyafunke. Da kamfaninsa ya matsa yana son sabon faifai, sai ma'aikatan suka ɗauko na'urorinsu suka bi shi har garin, suka riƙa jira ya taso daga gona tukuna a zauna. Faifan ya fito a 1999, sunan garin aka sa masa. A 2004 mutanen Niyafunke suka zaɓe shi magajin gari, ya kashe kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanyoyi, da haƙa magudanan ruwa, da sayen man injin da ke ba garin wuta.

Saura abu ɗaya, watau makaɗan gado na zauren fari. A cikin shekarunsa na ƙarshe ya zauna a Bamako da Tumani Jabate, ɗan babban gidan makaɗa na ƙasar Mali, gwanin kora mai tsirkiya ashirin da ɗaya. Wanda ya gada da wanda bai gada ba suka fuskanci juna, kowa ya kaɗa abinsa, ba wanda ya sake suna don ya gamshi ɗan'uwansa. Faifan da suka yi ya fito a 2005, shi ma ya ci Grammy a farkon 2006. Bayan 'yan makonni, cikin watan Maris na shekarar, ciwon daji na ƙashi ya yi ajalin Ali a Bamako, aka kai shi Niyafunke aka binne. Ɗansa Vieux ya ɗauki jita bayansa, ko da ya ke da fari uban bai so ba, kamar yadda nasa iyayen ba su so ba.

Kowane mai sana'a, babba ko yaro, wata rana zai tsaya a bakin zauren da ba a san shi ba, ko na ma'aikata ne, ko na kasuwa, ko na malamai. Zuciya ta kan raya masa ya ƙara wa kansa tsawo, ya ɓoye ƙauyensu, ko ya ji kunyar cewa da girma ya fara koyo, da kayan aro kuma. Mutumin Niyafunke bai ɓoye ko ɗaya ba. Ya faɗi sunansa har da laƙabin jaki, ya faɗi garinsu, ya ce ba shi da malami sai kunnensa, sa'an nan ya ɗauki jita ya taɓa aka ji. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.