Kuɗin gida ko jarin kasuwa: ina zan sa miliyon ukuna?

Yau ina so mu tattauna kan wata tambaya da ke hana magidanta da yawa barci, tun daga Yamai har Damagaram: in ka sha wahala ka tara ɗan abin da ka tara, kafin alƙalamin gida za ka bayar, ko ka juya shi a kasuwa ya ƙaru tukuna? Ni ma ina cikin masu wannan lissafi. Shekara shida ina zubin adashe, ina ƙuntata wa kaina, har Allah ya haɗa mini sefa miliyon uku. Ga wani gida nan Maraɗi na miliyon takwas, mai shi ya yarda in ba da ukun, sauran in biya cikin shekara uku. Ga kuma abokai suna cewa: "Malam, kuɗi ba ya haihuwa cikin bango."

Maganarsu ba ƙarya ba ce. Wanda ya sayi albasar Galmi a watan Afrilu, lokacin da ta cika kasuwa, ya adana ta cikin rudu zuwa ƙarshen damina, yana iya samun ribar da albashin shekara ba ya bayarwa. Haka mai ajiyar wake, haka mai kiwon ragunan Layya. Sai dai masu ba da labarin riba ba su cika faɗin sauran ba. Danshin damina yana ruɓar da albasa, kuma buhun da ka zuba ba shi kake kwasowa ba. Ƙwari suna shiga wake. A 2025, gab da Layya, gwamnati ta hana fitar da dabbobi waje. Mai saye ya ji daɗi, amma wanda ya yi kiwo da niyyar kai wa ƙetare sai ya sake lissafi.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wani haɗarin na daban. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Cikin wannan lokacin kuma naira ta faɗi: dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yuni 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ba da kaya bashi a Jibiya ko Kano, aka biya shi daga baya da naira, ya san abin da nake nufi. Ba ƙwarewarsa ce ta gaza ba, abu ne da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa.

To gidan fa, ba shi da riba? Yana da ita, kawai ba a ƙirga ta a hannu. Ina biyan haya jika 40 duk wata, wato jika 480 a shekara. Ranar da na shiga nawa, wannan kuɗin ya daina fita. A gidan miliyon takwas, kamar ribar kashi 6 cikin ɗari ke nan duk shekara, wadda ba ta ruɓewa, ba ta jiran buɗe iyaka. Ban da kwanciyar hankalin da ba ta da farashi: babu mai buga ƙofa ya ce ɗansa zai yi aure, a ba shi gidansa.

Amma kada mu ruɗi kanmu, gida ma yana da nasa ramin. Akwai filin da ake sayar wa mutum biyu ko uku, a ƙare a gaban alƙali. Akwai gidan gado da magaji ɗaya ya sa a kasuwa ba da sanin sauran ba. Akwai gidan da ke kan hanyar ruwa. Daminar 2024 ta koya mana darasi, har tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe. Sannan ga babban tarko: ka zuba duk abin da kake da shi, ka kasa cika sauran, ka tashi ba gida ba jari. Kangayen da ke gefen garuruwanmu, an kai linta an tsaya shekara da shekaru, yawancinsu haka suka fara.

Ga inda na tsaya. Tambayar ba wai wanne ya fi riba ba ce. Tambayar ita ce: in rabin kuɗin nan ya salwanta, zan iya sake tara shi? Ɗan kasuwa mai jari dabam yana iya jure faɗuwar shekara guda, ya farfaɗo a ta gaba. Ni da na yi shekara shida kafin in haɗa, ba zan iya ba. Kuɗin da ka sa wa ranar amfani nan kusa, ba kuɗin gwaji ba ne.

Don haka zan ba da kafin alƙalamin, amma bisa sharaɗi uku. Na ɗaya, sai na kai takardar gidan meri an tabbatar da ita, an rubuta yarjejeniya gaban shaidu, har da abin da zai faru in biya ya yi jinkiri. Na biyu, sai na tambayi maƙwabta yadda ruwa ke bi a watan Agusta. Na uku, zan nemi mai gidan ya karɓi miliyon biyu da rabi, in riƙe jika 500 saboda ciwo ko wata larura, don kada a wayi gari ina neman mai sayen gidan da ban gama biya ba. Ragowar miliyon biyar da rabi cikin wata 36 ya haura jika 150 duk wata. Hayar da na daina biya za ta ɗauki 40, sauran sai albashi da ɗan kiwon da nake yi. In ya ƙi ƙara mini lokaci, lissafin kuma ya ƙi fita, zan haƙura in nemi ƙarami, daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya ba kowa muhallin kansa, ya sa albarka cikin nemanmu. Amin.