Agadas, inda ƙura da zufa ke cin tsirkiyar jita

Matafiyin da ya nufi Agadas ta hanyar Tawa, bayan ya baro Abalak ya sha fili fetal har ya gaji da kallonsa, abin da zai fara hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27, ta ƙasa ce zalla, itatuwa sun tsattsaga jikinta ta kowane ɓangare. An gina masallacin a 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A gefensa fadar Sarkin Abzin take, daga nan kuma sai lunguna masu jan gini, maƙeran azurfa da dukawa na aiki a zauruka.

Wannan duk na ido ne. Na kunne sai rana ta yi sanyi. Bayan la'asar za ka ji janareta ya tashi a wata unguwa, sai lasifika ta yi ƙara, sai ganga, daga nan jita ta shigo. Biki ne. An shimfiɗa tabarmi da darduma a fili, mata sun jeru cikin lulluɓi, samari da rawuna sun yi da'ira, masu babura sun tsaya daga baya. Makaɗa uku ko huɗu na tsaye da jitar lantarki, babban yatsa na riƙe da amo ɗaya a tsirkiya mai kauri ba ya sakinsa, manuniya kuma na yawo a kan sirara. Da rawa ta yi zafi ƙura za ta tashi ta rufe fitilu, kuma duk ƙurar nan a kan mutane take sauka, da lasifika, da tsirkiyoyi shida da yatsu masu zufa ke murzawa.

Jita ba daɗaɗɗen kayan kiɗan Abzinawa ba ne. Nasu na gado su ne tende, turmin da ake rufe wa fata, da anzad mai tsirkiya ɗaya ta izgar doki, wadda mata ke gogawa. Jita ta zo ne a hannun samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. Cikinsu aka sami ƙungiyar Tinariwen ta mutanen Mali, a Nijar kuma Abdallah ag Oumbadougou, wanda kaset ɗinsa suka zaga hannu da hannu lokacin tawayen Abzinawa da ya ƙare da yarjejeniyar 1995. Bombino, wanda rikicin 2007 ya sa ya yi hijira zuwa Burkina Faso, a gindin wannan masallaci ya yi wasan dawowarsa a 2010, kuma ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar kyautar Grammy, ta 2019. Ƙungiyar Etran de L'Aïr ta 'yan uwan juna tun 1995 take kiɗan biki a garin nan. Shi kuwa Mdou Moctar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Haka ma ake ba da labarin Ibrahim ag Alhabib na Tinariwen: gwangwani, sanda, da wayar birki.

Ba a daɗe da barin wannan zamani ba, shi ya sa har yau tsirkiya ke da daraja a nan. Ba a ƙera ta a Nijar. Daga Yamai zuwa Agadas ya fi kilomita 900, kuma ita kanta Yamai daga waje ake kawo mata. Wata ta biyo ta Kano, wata ta Aljeriya, wata kuma a jakar makaɗin da ya dawo daga wasa a Turai ko Amurka. Don haka tambayar yaushe za a canza tsirkiya a Agadas tana tafe da wata: in an cire wannan, ina wadda za a sa?

Wani makaɗin biki, magidanci, ya karɓe ni a tsakar gidansa da hantsi, ana dafa shayi a kan gawayi. Daren jiya ya yi wasa. Ya ɗauko jitar ya kwantar a cinyarsa, ya zura farcen babban yatsa a ƙarƙashin tsirkiya ta uku ya ja daga wuya zuwa ciki, sai ga baƙin datti ya taru a farcen, mai danƙo. Ta sama tsirkiyar na ƙyalli, wanda bai sani ba sai ya ce sabuwa ce. Ya kama hannuna ya sa yatsana ya bi ƙarƙashinta, na ji gurabe-gurabe, kowane gurbi daidai inda take haɗuwa da ƙarafan nan da ke gindaye a wuyan jita. Sannan ya kaɗa ta a sake, amo ya fito daidai. Ya danna ta a ƙarfe na goma sha biyu, inda ya kamata amon ya zama shi ne dai amma a sama, sai ya fito a karkace kaɗan. Ya ce da ni, malam, wannan ta mutu, tsinkewa ce kawai ba ta yi ba.

Abin da ke kashe ta ba ɓoyayye ba ne. Sirara uku na jitar lantarki baƙin ƙarfe ne tsura, masu kauri ukun kuma ƙarfe ne a tsakiya da aka naɗe da wata siririyar waya mai rufin nikel. A jitar da ba ta lantarki ba, naɗin na tagulla ne, kuma huɗu ake naɗewa. Zufa na da gishiri, gishiri kuma shi ke kawo tsatsa a ƙarfe, ya dusar da tagulla. Maiƙon hannu da ƙura sukan cakuɗe su shige tsakanin naɗin, su hana tsirkiya karkarwa yadda ya kamata, sai zaƙin sama-sama na amon ya tafi, ya bar dum-dum. Dannawa kullum a kan ƙarafan wuya na cinye ta daga ƙasa, kaurinta ya daina zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma tsirkiyar da kaurinta ya bambanta ba za ta ba da amo daidai a ko'ina ba, komai yawan murɗa kunnuwan jita. Salon kiɗan garin nan ma na ƙara mata wahala, domin yatsun hagu ba sa hutawa, bugawa suke suna fizgewa a wuri ɗaya dare bayan dare.

Akwai abu ɗaya da Agadas ta fi biranen bakin teku sa'a a kansa. A Legas ko Kwatano jita na rataye a ɗaki ma tsirkiyarta za ta yi tsatsa, saboda laimar iska. A nan ruwan shekara guda bai kai abin da Kano ke samu a watan Agusta kaɗai ba, saboda haka jitar da aka ajiye a rufe takan daɗe lafiya. Hannu ne ke kawo ɓarnar. A watannin Afrilu zuwa Yuni zafi na wuce digiri 40, makaɗi na wasa zufa na bin gwiwar hannunsa har yatsu, da hunturu kuma hazo ya shiga ko'ina, har cikin akwatin da aka kulle.

To sau nawa? Abin da masu sana'ar suka saba faɗa shi ne bayan kamar awa 100 na kiɗa, ko wata uku, duk wanda ya riga zuwa. Ga ɗalibin da ke taɓa jita rabin awa da dare a ɗakinsa, wata uku daidai ne, har ya ɗan zarce in yana gogewa. Ga mai kiɗan biki da ke tsayuwa awa uku ko huɗu a fili sau da yawa a mako, ban da gwaji a gida, wata guda ma ya yi yawa lokacin da aure ya yi yawa. Wanda zai shiga situdiyo kuwa ya sa sababbi kwana ɗaya kafin ranar, don su zauna. Amma lissafin kwana taimako ne kawai. Alamun su ne abin bi: launi ya dushe, yatsa na jin kaushi, amo ya daina daɗewa, saiti ya ƙi zama. Tsohuwar tsirkiya kamar ganyen shayi ne a dahuwa ta uku, akwai sauran launi, ƙarfin ya tafi.

Abin da ya fi damuna a zagayen da na yi shi ne yaran da ke koyo. Da yawansu jitar aro ce ko ta gado a hannunsu, da tsirkiyar da ba wanda ya tuna ranar da aka ɗaura ta. Yaro zai danna daidai amo ya fito ba daidai ba, sai ya zargi hannunsa, ko kunnensa ya saba da karkataccen amo tun yana ƙarami. Tsatsa kuma na yanka yatsa, ta sa koyo ya zama azaba, tana kuma cin ƙarafan wuyan jita, waɗanda gyaransu ya fi sayen tsirkiya tsada nesa ba kusa ba. Jira sai ta tsinke ba tattali ba ne, ko da yake na san ba don son rai ake jiran ba.

Tattalin gaskiya a tsumma yake. Mai masaukina, makaɗin nan, na da wani yanki na tsohon rawani, auduga mai laushi, a cikin jakar jitarsa. Da an tashi daga wasa, kafin ya karɓi ko ruwan sha, sai ya kama kowace tsirkiya tsakanin yatsu biyu da tsumman, ya ja daga kai zuwa gindi, sama da ƙasa. Ƙasan ne mutane ke mantawa, nan ne kuma dattin yake. Zufar da aka share tana ɗanya ba ta samun daren da za ta yi aiki. Kafin ya fara wasa kuma yakan wanke hannu da sabulu ya bushe shi sarai, musamman a gidan biki inda ba a rasa nama da maiƙo. Ba ya jingina jita a bango a buɗe, ba ya barinta cikin mota a rana. In datti ya kafe, ɗan sifirit a tsumma na cire shi, sai dai a kiyaye kada ya taɓa fentin jitar ko katakon wuya. Man gyaɗa, man shafawa ko baƙin mai da wasu ke shafawa don santsi, a garin ƙura gayyatar datti ne kawai.

Sauran dabarun na ranar da babu ne. Masu jitar bes, wadda tsirkiyarta ta fi kowace tsada, sukan kwance su su tafasa a ruwa na 'yan mintoci, dattin cikin naɗi ya fita, a shanya su bushe ƙarƙar kafin a mayar. Amo na dawowa, amma na ɗan lokaci ne, gurabun da ƙarfe ya ci ba sa cikewa, kuma inda aka lanƙwasa aka miƙe ya riga ya yi rauni. In tsirkiya ta tsinke kusa da gindi, ana iya sake ɗaure ɗan zoben da ke ƙarshenta a warware ragowar da ke kunne, shi ya sa za ka ga kan jitar wasu da wayoyi a nannaɗe ba a yanke ba. In kuma kullum a wuri ɗaya take tsinkewa, laifin ba nata ba ne, akwai kaifi a jakin da take hawa a gindi, a goge shi da lallausan sanfefa.

Ɗaura sabuwa ma da iyawa. A canza su gaba ɗaya in da hali, domin sabuwa ɗaya cikin tsofaffi biyar tana fita daban. A cire ɗaya a sa ɗaya, jan da ke kan wuya ya zauna yadda yake, domin shidan nan a haɗe suna jan kimanin kilo 40 a jitar lantarki, a wadda ba ta lantarki ba kuma kusan 70. Naɗi biyu zuwa uku a kunne ya isa ga masu kauri, a ɗan ƙara wa sirara, kowane naɗi a ƙarƙashin na baya ba tare da sun hau juna ba. Sannan a ɗaga kowace a hankali da yatsa, a sake saiti, a maimaita har ta daina sauka. Kada a ɗaura ta ƙarfe a jitar da aka yi don ta roba, jan zai iya ɓamɓare jakin ko ya lanƙwasa wuya. Ta roba kuma ba ta magana a jitar lantarki, domin maganaɗisun da ke ɗaukar amo ƙarfe kawai yake ji.

Akwai tsirkiya mai siririn rufin roba, irin wadda Elixir ta fito da ita a 1997, wadda zufa da datti ba sa saurin shiga naɗinta. Ta fi tsada, wasu kuma ba sa son santsinta, amma ga mai zufa da yawa da ke wasa a fili, a ganina kuɗinta na fita. Sai dai kasuwa ta cika da jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, har D'Addario ta koma buga lamba a jikin ledarta don mai saye ya tantance. Leda a rufe ruf ita ce abin dubawa na farko, domin wadda iska ta shiga tana iya tsatsa tun ba a ɗaura ta ba.

Baƙon da zai je Agadas kuma ya san zai zauna da makaɗa, ya sa 'yan ƙunshin tsirkiya a jakarsa, masu lambar kauri 9 ko 10 na jitar lantarki, ya ƙara da sirara guda-guda na ta ɗaya da ta biyu, don su suka fi tsinkewa. Ba su da nauyi, ba sa cin wuri, kuma mai masaukina ya ce ƙunshi ɗaya a hannun mai gogewa yakan fitar da shi bukukuwan bayan salla gaba ɗaya.