Jiran Bas a Disney World

A Walt Disney World, kusa da Orlando a Amurka, motocin bas ne ke kwasar baƙi kyauta daga otal zuwa wuraren wasanni, galibi kowane minti 20. Amma wanda ya tsaya cikin rana da yaro a kafaɗa zai rantse ya shafe awa guda. Tun 1985 wani masani, David Maister, ya bayyana dalili: jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi tsawo a zuci. Nan ne amfanin allunan da ke nuna lokacin isowar mota. Wani zai ce ai yaudara ce, tunda motar ba ta ƙara gudu ba. Haka ne, sai dai wanda ya san saura minti 12 yana iya komawa inuwa ya sha ruwa, muddin allon bai yi masa ƙarya ba.